Pang Mai Taliya da Gadin Kan Dodo

Duk wanda ya taɓa cin taliya a bakin kogin garinmu, nan kudancin ƙasar Sin, ya san Pang Dehai da abu biyu: babban yatsansa da bakinsa. Yatsan dai shekara ashirin yana kwaɓin fulawa, har ya baje ya yi faɗi kamar bakin ludayi. Bakin kuwa ba wanda ya san abin da ya faɗaɗa shi, da abinsa aka haife shi. In Pang ya kama kifi kamar tafin hannu da safe, kafin yamma kifin ya kai tsawon kwale-kwale, kuma har ya so ya haɗiye Pang ɗin.

A shekarar da nake ba ku labari, masu ibadar kan dutse suka yi babban taro, suka aiko a nemo musu mai dafa taliya. Pang ya tafi ya yi kwana tara. Cikin kwana taran nan bai fita daga madafa ba sai in zai zubar da ruwan wanke-wanke, amma madafar tana da taga, tagar kuma tana kallon filin da masu ibadar ke koyon faɗa. Ta nan ya hango wani ƙanjamammen tsoho ya dangwali wani ƙato a kafaɗa da yatsa ɗaya, hannun ƙaton ya zube kamar ba nasa ba. A bangon filin akwai zanen mutum da ɗige-ɗige a jikinsa, kowane ɗigo da sunansa da awonsa. Pang ya samu gawayi ya kwafe zanen a bayan buhun fulawa, ya naɗe ya sa a hammata, ya gangaro gari yana tafiya da ƙyar saboda nauyin ilimi.

Ya tarar da matarsa Sulan tana yanka albasa.

"Sannu da hanya, tsoho. Miƙo buhun nan, dama ina neman abin tace waken suya."

"Ke, iya bakinki. Wannan ya wuce buhu. Jikin mutum gida ne mai ƙofofi ɗari uku da sittin, ni kuwa na dawo da makullansu kaf. In na taɓa nan, mutum ya sandare. In na taɓa can, ya ɓingire da barci. In na taɓa wani wurin, ciwon shekara goma ya tattara ya kama gabansa. Daga yau Gwani Pang za ki riƙa ce mini."

Sulan ta leƙa zanen. "Shi wannan mutumin naka me ya sa ƙafarsa uku?"

"Ɗayar ɗinkin buhu ne."

"To, Gwani, ruwan taliya ya tafasa."

Da abin ya tsaya a madafa, da da sauƙi. Sai ga watan biyar ya kama, lokacin tseren kwale-kwale, kuma a garinmu ba a wasa da wannan. Mu 'yan Tudu muna wannan gaɓar, 'yan Tsallake suna waccan, kowa da dogon jirginsa mai matuƙa arba'in, kowane jirgi da kan dodon ruwa da ake kafa masa a goshi. Namu kan tun kakannin kakanni yake, na itace mai nauyin tsiya, ja wur, da gemun gashin doki. Ana gobe tsere akan yi masa sabon fenti, a ajiye shi a dandamalin bakin ruwa ya sha rana. A ranar nan al'ada ta yarda ɗaya gaɓar ta turo mutum ɗaya, ba sanda ba wuƙa, ido na ganin ido, ya gwada ɗauke shi. Masu kai kuma su tsayar da mai gadi ɗaya. In ɓarawon ya haye ruwa da kan, sai baɗi za a maido shi, jirgi marar kai kuwa ba ya shiga tsere. Shekara ɗaya mu je, shekara ɗaya su zo. Bana su ne masu zuwa.

Aka taru a shagon shayi don zaɓen mai gadi. Tsoho Fan, mai unguwarmu, yana shafa gashin bakin da ya yi shekara talatin yana reno, bai ma gama buɗe taro ba Pang ya miƙe ya ɗaga babban yatsa sama.

"Kawu, kada a wahalar da samari. Ga mai gadi."

"Kai ko yatsan?"

"Yatsan. Ni rakiya zan yi masa. Duk wanda ya taka dandamalin nan, dangwala ɗaya zan yi masa, ya tsaya ƙiƙam har tsuntsaye su yi sheƙa a kansa. In kun ga dama ku rataya masa fitila ya riƙa haska muku hanya."

Shago ya kwashe da dariya. Wanzami Lo ya matso kunnen Tsoho Fan, ya yi irin raɗar nan da kowa ke ji.

"Kawu, a ba shi mana. Duk Tsallake wa ke iya ɗaga kan nan shi kaɗai in ba Kang ba? Kang kuwa wata biyar ke nan kafaɗarsa ta dama ta ƙage, ko tsinken cin abinci ba ya riƙewa da ita. Bana ko agwagwa muka ɗaure a wurin ta isa gadi. Ga kuma kallo a banza."

Wannan gaskiya ce. Kang shi ne babban matuƙin Tsallake, ƙaton da sai ya karkata yake shiga ƙofa, kuma shi ya cinye mu shekara uku a jere. Tun da labarin kafaɗarsa ya hayo ruwa, 'yan Tudu suke tafiya suna fito. Tsoho Fan ya waiwaya wajen Inna Tao maɗoriya, wadda ke zaune a lungu tana ɓare gyaɗa. 'Yar tsohuwa ce da ba ta kai kafaɗar kowa ba, amma duk tsohon da ya taɓa karaya a garin nan ita ta ɗora shi, ana kuma cewa rabinsu ita ta karya su da ƙuruciyarta.

"Inna, me kika gani?"

"Kwana tara ya yi ko? Ni shekara tara na yi ina share wa malamina tsakar gida kafin ya bar ni in taɓa gwiwar mutum. Amma ku ba shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

Duk maganar nan Pang bai ji komai ba sai "ku ba shi".

Saura kwana uku gadi. Washegari da safe Pang ya ga ya kamata masu dariya su gani da idonsu. Ya bar Sulan da tukunya ya nufi rumfar Wanzami Lo, ya tarar da Tsoho Fan a kan kujera, kai a baya, fuska duk kumfa, ana gyara masa gefen gashin baki saboda biki.

"Lo, kai ne mai cewa agwagwa ta isa gadi ko?"

"Yaya Pang, wasa ne. Kana gani aska ce a hannuna."

"Yauwa, haka nake so. Jama'a, ku matso! Zan tsayar da hannun nan cak, ko gashi ɗaya ba zai ƙara yankewa ba sai na ce."

Ya warware buhu ya duba, ya fara awo daga hammatar Lo zuwa ƙasa da faffaɗan yatsansa. Buhu ya ce faɗin yatsa uku, amma ukun Pang sun kai shidan mutane, don haka ya zarce ƙofar ya sauka a haƙarƙari. Lo kuwa duk gari an san shi da jin cakulkuli, ko ƙuda ya sauka masa a kwiɓi sai ya yi tsalle. Pang ya danna. Lo ya ƙyalƙyale, ya gantsare, aska ta yi fiu.

Tsoho Fan ya tashi zaune a hankali. Ya shafa hagu ya ji gashi, ya shafa dama ya ji fata. Rabin renon shekara talatin yana kwance a ƙasa cikin kumfa.

"Ai ya tsaya," in ji Pang. "Ku duba, yanzu hannun ya tsaya."

Ya tsaya kam, don Lo ya daskare da tsoro. Tsoho Fan ya cire takalmi ya bi Pang, taku huɗu ƙugunsa ya riƙe, aka kwashe shi sai gidan Inna Tao. Pang ya biyo baya yana bayanin cewa laifin Lo ne da ya motsa. Inna Tao tana murza wa tsohon magani a baya da hannu ɗaya, ta fizgi buhun da ɗayan ta duba.

"Da yatsan wa ka auna?"

"Da nawa mana. Da na wa zan auna?"

"Sakarai! Kowane jiki da mudunsa. Faɗin yatsan da aka rubuta nan, yatsan mai jikin ake nufi, ba naka ba. Za ka auna ɗan siririn wanzami da wannan muciyar?"

"Au! To ai na sani. Gwada ki nake yi, Inna."

"Ka gwada. Fita."

In wani ne wannan ya ishe shi. Pang kuwa ya fito yana washe baki an ƙara masa sirri a banza. Daga ranar ba yatsan da ya tsira a unguwar. Ka miƙa hannu karɓar taliya, ya cafke yatsanka ya kara maka a goshi. Mai ɗiban ruwa ya kishingiɗa ya ɗan runtsa, ya farka ya ga ana auna masa ƙwauri. Mutane suka koma yawo hannu cikin hannun riga, ga zafin watan biyar.

Rana ta biyu a kasuwa ya iske Jin mai awara ta dafe kai.

"Yaya Jin, ciwon kai? Abin nema ya samu. Kawo yatsanki."

"Pang, rabu da ni, hayaƙin murhu ne."

"Ƙofarsa tana bayan kunne. Ke dai miƙo."

Ya kama hannunta da hannu biyu, ya lanƙwasa shi zuwa bayan kunnenta, ya sunkuya yana ƙirge har hancinsa na taɓa gashinta. Daidai nan mijinta, Bao mai kifi, ya ɓullo da kwando a kafaɗa. Bao ba mai yawan magana ba ne. Ya sauke kwandon a hankali, ya zaɓi kifin da ya fi girma, ya riƙe shi ta wutsiya.

"Pang, me ka ajiye a kunnen matata?"

"Magani nake yi! Tsaya nan, kada ka matso. Ni yanzu mutum ne mai haɗari. Ka ƙara taku ɗaya in sandarar da kai a gaban iyalinka." Bao ya ƙara taku ɗaya. "To, kai ka ja. Ba ni yatsanka."

Kifin ya sauka a kuncinsa na dama, ya sauka a na hagu, na uku ya same shi a ƙeya yana gudu. Pang ya yi tuntuɓe da ƙafar teburi, ya zauna daɓas cikin awarar da ba ta gama daskarewa ba. Ya tashi fari fat daga ƙugu zuwa gwiwa, karnukan kasuwa suka yi masa rakiya har gida. Jin kuwa ta yi dariya har ciwon kan ya sake ta, Pang ya ƙirga wannan cikin waɗanda ya warkar.

Rana ta uku da sassafe matuƙanmu suna gwaji a bakin ruwa. Shan makaɗi, wanda matuƙa ke bin gangarsa wajen tuƙi, yana tsaye yana miƙa, sai ga Pang da buhu.

"Ƙanena, zo in buɗe maka ƙofar ƙarfi. Jibi sai ka fasa ganga biyu."

Shan mutum ne marar musu, in ka ce masa ruwa na gudu sama zai ce haka ne. Ya ba da yatsa. Pang ya auna a kafaɗarsa ta dama, wannan karon daidai, ya danna. Sandar kiɗa ta faɗi ƙasa.

"Yaya Pang, ba na jin hannuna."

"Ƙarfi ne ke taruwa."

"Yaya Pang, ba na jin sa fa!"

Matuƙa ashirin suka ɗauki Shan, ashirin suka ɗauki filafilai suka sa Pang a gaba, sai gidan Inna Tao. Tsohuwa ta duba hannun, ta duba inuwa a tsakar gida, ta ce kowa ya nemi wuri ya zauna. Aka zauna ana harare-harare har ƙararrawar gidan ibada ta buga tsakar rana. Sannan ta ɗora ɗan yatsanta daidai inda Pang ya danna, ta murza sau ɗaya. Hannun Shan ya dawo, aikin farko da ya yi da shi kuwa ya maka wa Pang a ƙeya.

"Buɗe kunnenka, mai taliya," in ji Inna Tao. "Jini zagaye yake yi a jiki, kowace ƙofa da lokacinta. Ta kafaɗar nan, in ka danna kafin ƙararrawar tsakar rana, rufewa take yi. In ka danna bayan ƙararrawa, buɗewa take yi. Wurin da ke kashe hannu shi ke raya shi, shi ya sa ake koyon warkarwa kafin a koyi duka. Ka mayar wa matarka buhun nan tun bai ci ka ba."

Gargaɗin ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Abin da ke kaɗa wa Pang ganga a ka shi ne ya kashe hannun mutum, da gaske, a gaban mutum arba'in. Ya shiga gida da gudu.

"Sulan! Na kashe hannun Shan!"

"Shan namu?"

"Hannu ai hannu ne."

Ranar gadi gaɓa biyu suka cika maƙil. Masu dunƙulen shinkafa a ganyen gora suna ta ciniki, wasu sun hau rufin ɗaki, wasu kan bishiya. Kan dodo yana tsakiyar dandamali a kan wani benci, sabon fenti sai ƙyalli yake yi. Pang ya sha ɗamara da jan ƙyallen Sulan, ya tsaya a ƙafa ɗaya, yatsa a sama. Da ƙafar ta gaji ya sauya, da ita ma ta gaji ya zauna, ya ce wannan ma wani salon ne.

Hantsi ya wuce ba kowa. Sai da rana ta kusa take tsaka wani ɗan kwale-kwale ya taso daga Tsallake. Kang ne a ciki yana tuƙi da hannun hagu, jirgin sai juyi yake yi a tsakiyar ruwa, ya yi gaba kaɗan ya sake zagayowa. 'Yan Tudu suka yi dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ya iso, ya hau dandamali, hannun dama a manne da jikinsa.

"Sannu da gadi, Pang. Kwantar da hankalinka, al'ada na zo cikawa. Zan shafa gemun dodon in koma, kada a ce Tsallake ba ta turo kowa ba. Ka ga ni ko kofin shayi ba na ɗagawa da wannan."

Da Pang ya ce shafa ka tafi, da shi ke nan, ya ci gadi, an ɗaga shi sama, ni kuma ba ni da labarin ba ku. Amma ya waiga ya ga jama'a sun zuba masa ido, ya kuma hango Wanzami Lo yana kwaikwayon tafiyar agwagwa. Zuciya ta ɗebe shi.

"Shafa? A gabana? Kang, ka taka dandamalina. Yau a tsaye za ka wuni."

"Haba Pang, ni da nake cin taliyarka?"

"Yau ba taliya. Gyara tsayuwa!" Ya yi wani tsalle, ya kurma ihu, ya karkaɗa hannuwa a iska, ya dira a gaban Kang. "Ba ni yatsanka."

"Me?"

"Babban yatsanka na dama. Aro ne, yanzu zan maido maka."

Kang ya dubi jama'a, ya dubi Pang, ya ga ba abin da zai rasa, ya miƙa. Sai dai hannun ba ya lanƙwasuwa, yatsan ya ƙi kai wa kafaɗa. Pang ya karɓi ganyen gora wajen wata mai shinkafa, ya yage shi daidai faɗin yatsan Kang. Ya yi ɗage, bai kai kafaɗar ba.

"Ka yi tsayi da yawa. Durƙusa."

"Dama ana durƙusa wa abokin faɗa?"

"A manyan makarantu haka ake yi."

Kang ya zauna dirshan, ya karɓi dunƙulen shinkafar da aka kwance wa ganye ya kama ci da hagu. Bao mai kifi ya ɗaga murya daga cikin taro.

"Kai wawa, wancan hannun ai a mace yake! Ɗayan za ka kashe!"

"Buhu ya ce dama."

"Buhun uwaka!"

Pang ya fara ƙirge. Iska ta ɗauke ganyen ta jefa a kogi, aka sake yago wani. Ya kai biyu, Lo ya ƙwala "bakwai", lissafi ya ɓace, ya koma farko. Kang ya gama dunƙule ɗaya ya nemi ƙari. Can dai Pang ya samu wurin, ya ɗora yatsa, ya juyo ya yi wa jama'a jawabi a kan abin da za su gani, da yadda za su ba jikokinsu labari. Yana tsaka da jawabin ƙararrawar gidan ibada ta buga.

Inna Tao ta watsar da gyaɗarta ta miƙe. "Pang! Ƙararrawa! Kada ka danna!"

"Kun ji hassada ko? Ita shekara tara tana shara, ni kwana tara kacal."

"Tsoho, ka ji maganar manya!" in ji Sulan.

Pang ya tattara ƙarfin kwaɓin shekara ashirin ya zuba a yatsa ɗaya. Aka ji ƙas, har mutanen Tsallake sun ce sun ji.

Kang ya yi wata irin ƙara ya zabura tsaye. Hannun dama ya motsa. Ya taso a hankali ya kai ƙirji, ya kai kafaɗa, ya wuce kunne, ya miƙe sama ɗoɗar. Kang ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya sosa ƙeyar da ya yi wata biyar bai sosa ba. Hawaye suka zubo masa. Ya haɗa hannu biyu ya rusuna wa Pang sau uku.

"Gwani Pang! Masu allura uku sun gwada, masu tausa huɗu sun gwada, na sha ɗaci har harshena ya mutu. Kai dangwala ɗaya! Gwani, na gode. Gwani!"

Tun da Pang ya sauko daga dutse, wannan ne karon farko da wani ya kira shi Gwani ba da dariya ba. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, ya manta inda yake, ya manta abin da ya kawo shi. Ya rusuna shi ma.

"Ƙaramin aiki ne, ƙanena. Ka riƙa gasa shi da ruwan ɗumi. Yanzu sai mu ga ko yana ɗaukar nauyi."

"In gwada da wannan?"

"Gwada mana," in ji Pang. Kang ya sa hannu biyu ya sunkuci kan dodon. "Da ciwo?"

"Ko kaɗan!"

"Ɗaga sama sosai in gani. Yauwa. Yi tafiya da shi. A hankali, wurin da santsi."

Jama'ar Tudu suna ta ihu, Pang ya ɗauka yabo ne, yana ɗaga musu hannu. Shi ya riƙe wa Kang igiya har ya shiga jirgi ya zauna, shi ya kuma tura jirgin da ƙafa. Kang ya kama filafilai biyu, jirgin ya miƙe sak ba juyi ba karkata. Sai da gangunan Tsallake suka ɓarke sannan Pang ya juyo yana murmushi, ya ga benci wayam, ya ga fuskokinmu.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar na yi hawaye. Matuƙa arba'in da suka yi wata uku suna tashi tun kafin zakara suka zube a ƙasa, ba mai kallon wani. Tsoho Fan yana so ya ja gashin baki don baƙin ciki, hannunsa sai ya riƙa zuwa gefen da babu. Lo ya ce a jefa Pang a kogi ya bi kan. Bao ya tafi ɗauko kwandonsa.

Sulan ce ta ratso taro ta tsaya gaban mai unguwa.

"Kawu, in yi tambaya? Al'ada ta ce jirgi marar kai ba ya shiga tsere. Ta ce lalle sai kan itace?"

Tsoho Fan ya tuno abin da kakansa ya gaya masa. "Ba ta ambaci itace ba. Cewa ta yi kai mai jar fuska, mai gemu, mai wangalelen baki."

Kowa ya juya ya dubi Pang.

"Bakin dai akwai," in ji Inna Tao.

"Fentin ya rage?" in ji Sulan.

Washegari aka ɗaure Pang a goshin jirgi da igiya uku, ƙirji a gaba. Lo ya shafe masa fuska da jan fenti har kunnuwa, aka manna masa gemun wutsiyar doki, aka kafa masa ƙahonin gora. Tsoho Fan da kansa ya ɗiga masa baƙar tawada a fatar ido, kamar yadda ake buɗe wa dodo ido kowace shekara, sai dai bana ya danna alƙalamin fiye da yadda al'ada ta nema.

"Kawu, ina da magana."

"Dodo ba ya magana," in ji tsohon, ya cusa masa dunƙulen shinkafa a baki a madadin ƙwallon da akan sa wa dodo ya riƙe.

Aka buga bindigar tashi. Shan ya narka wa ganga duka kamar ƙeyar Pang ce, matuƙanmu suka zuba haushinsu a ruwa, jirgi ya tashi kamar zai bar kogin. Kowace igiyar ruwa a fuskar Pang take fashewa, fenti yana zuba, ƙaho ɗaya ya tafi, gemu ya koma kunne. Ba mu taɓa gudu irin na ranar ba. Muka jera da Tsallake kai da kai har kusa da tutar ƙarshen tsere, gaɓarmu ta haukace da ihu. Sai Kang ya sauya filafili zuwa dama. Tuƙi biyar ya yi, suka wuce mu da tsawon rabin jirgi.

A bakin tuta Kang ya miƙe tsaye ya ɗaga filafili sama da hannun dama, ya rusuna wa goshin jirginmu. Matuƙanmu sun kifa kai a kan gwiwa suna haki, ba mai iya ko tari. Pang kuwa duk tsawon tseren nan tauna yake yi. Ya haɗiye lomar ƙarshe, ya murɗo wuya iya inda igiya ta bar shi, ido yana ƙyalli cikin jirwayen fenti.

"Kun ga hannun nan? Kun ga yadda yake tafiya? Aikina ne fa!"

Matuƙa arba'in suka sauka ɗaya bayan ɗaya suka tafi cin abinci, suka bar jirgin a ruwa da kansa a ɗaure.